Alfadarin da Ƙanƙarar Jilo Ta Amayar

Alhamis, 20 ga Yuni

Mun iso zozan, makiyayarmu ta bazara a kan dutse, bayan la'asar, mu da tumaki da alfadarai. Tanti takwas muka kafa. Shekarar da aka kawo ni gidan nan, tanti ashirin da shida na ƙirga a wannan makiyayar, ba a ma samun wurin ɗaure igiya.

A hanya mun ga inda dusar ƙanƙara ta zaftaro a watan Fabrairu. Ta share shingen duwatsu na tumakin su ƙawata Perihan, ta kwantar da itatuwan bakin hanya duk fuska ɗaya kamar an taje su. Maigidana, Baban Zelal, ya ce tun da yake bai taɓa jin ta sauko ta wannan gefen ba. Ruwan sama aka yi kwana uku a tsakiyar hunturu, ya jiƙa dusar, gangaren ya taho gaba ɗaya.

Na ɗaga kai na dubi Tsohuwa, ƙanƙarar ƙirjin dutsen Jilo da ba ta narkewa tun zamanin kakanni. Ta ƙara ja da baya. Ta yi baƙi-baƙi kamar gindin tukunya. Baffa Mirza, ƙanen mahaifin maigidana, ya cire hula ya gaishe ta yadda ya saba duk shekara: "Mun same ki lafiya?"

Perihan ta ce, "Baffa, shekara saba'in kana gaisuwa ba ta amsa ba. Ka nemi wata mana."

Ya ce, "Ita aƙalla ba ta da bakinki."

Asabar, 22 ga Yuni

Ramin da muke binne cuku babu ko ɗigon dusar ƙanƙara, sai laka. Tafarnuwar dutse da muke sawa a cukun ta riga ta yi fure ta bushe a nan ƙasa. Sai an hau sama. Gwiwoyina.

Talata, 25 ga Yuni

Sauro ya cije ni. A zozan!

Litinin, 1 ga Yuli

Da rana tsaka muna tatsa, sai muka ji wani gurnani daga sama, dogo kamar nishin saniya mai naƙuda. Tunkiyar da ke hannuna ta sandare. Babu iska, babu gajimare. Sai ga duwatsu biyu ko uku sun gangaro su kaɗai daga gefen Tsohuwa, suka tsaya.

Abin da ya dame ni karnuka ne. Ba su yi haushi ba. Kwanciya suka yi suna kallon sama.

Baban Zelal ya ce ƙanƙarar da ke riƙe da duwatsun ce ke saki. Ya faɗa kamar yana maganar gishiri.

Laraba, 10 ga Yuli

Bari in rubuta abin da muka gani yau.

Ni da Perihan mun hau neman ganye har bakin Tsohuwa, wurin kogon da rafinmu ke fitowa. Wari muka fara ji. Perihan ta ce mushen akuyar dutse ne. Muka zagaya wani ƙaton dutse, sai ga alfadari. Rabinsa na gaba a waje, rabin baya yana cikin ƙanƙara, kamar wanda ke ƙoƙarin fitowa daga ɗaki ya gaji. Fatarsa ta manne da ƙashi. Sirdin kaya yana bayansa, ɗaure da igiyar gashin akuya irin wadda ba a tufkawa yanzu. A wuyansa akwai ƙararrawar tagulla mai lotsattsen gefe.

Perihan ta yanko ƙararrawar, wai za ta rataya wa ragonta. Na ce ta bari, ba ta ji ba.

Muna isowa tanti tana kaɗa ta. Baffa yana shan shayi. Ya ajiye kofin a ƙasa, ya ce, "Miƙo." Ya daɗe yana shafa lotsawar da babban yatsa. Sannan ya ce shi ya lotsa ta, da dutse, yana ɗan shekara goma sha biyar, yayansa ya mare shi a kai.

Alfadarin surukina ne. Shekara hamsin da ɗaya ke nan da ya kama hanyar ƙetare dutsen da shi, ba a sake ganin ko ɗayansu ba. Baban Zelal yana da wata shida a lokacin.

Da aka gaya masa ya karɓi ƙararrawar, ya juya ta, ya mayar wa Baffa. Ya ce akwai tunkiyar da ke ɗingishi, bari ya duba ta. Ya fita.

Juma'a, 12 ga Yuli

Maza sun hau sun tona gefen alfadarin. Ba mutum.

Alhamis, 18 ga Yuli

Baffa ya mayar da bakin kogon nan wurin zamansa. Yana idar da sallar asuba zai ɗauki sanda da gurasa, sai yamma. Na ce masa duwatsu na faɗowa a can. Ya ce, "Amarya, tunda dabba ta fito, mai ita yana bayanta. Ba ya nisa da ita." Shekara ashirin da takwas ina gidansu, har yau amarya.

Yau na kai masa kindirmo. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara. Wai ranar tafiyar tare aka shirya za su tafi. Ana biki a ƙauyen ƙasa, akwai yarinyar da yake so ya gani, sai ya kwanta ya ce cikinsa na ciwo. Yayansa ya dube shi, ya yi dariya, ya ce, "Gaishe min da ciwon cikin." Ya tafi shi kaɗai.

"Yarinyar ma ban aure ta ba," in ji Baffa.

Muna zaune ƙanƙarar na ɗiga ta ko'ina, ɗis, ɗis. A can ciki kuma wani abu na ƙwanƙwasawa a hankali. Ya ce kullum haka take, wai tun shekaranjiya ƙarar ke matsowa.

Ban gaya wa Baban Zelal wannan ba.

Lahadi, 21 ga Yuli

Zafi. Ruwan rafi ya koma kalar toka, ko shayi ƙasa-ƙasa yake a baki. Ba a taɓa jin na tatsa babu rigar sanyi ba sai bana.

Alhamis, 25 ga Yuli

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba. Muna kan tudun gabas yanzu, tanti biyar, mutum talatin da wani abu.

Da hantsi ina wanke ƙyallen tace cuku a rafi, sai na ga ruwan na janyewa daga hannuna. Na matsa gaba, ya ƙara janyewa. Kafin in matse ƙyalle uku, duwatsun tsakiyar rafi sun fito suna sheƙi. Sai shiru. Ban san rafin nan na cikin kunnena dare da rana ba sai da ya tsaya. Har numfashin Perihan nake ji daga ɗaya gefen.

Ta ce, "To, yau Tsohuwa ta rufe famfo." Ta so ta yi dariya, ba ta fito ba.

Na tuna matar nan ta jami'a da ta zo shekara biyu da suka wuce tana kafa sanduna a ƙanƙara. A tantina ta sha shayi. Ta ce idan rafi ya ƙafe ana tsakiyar zafi, ruwan bai tafi ko'ina ba, taruwa yake a bayan wani abu. Ta ce kada mu bi kwari, mu hau gefe.

Na yi ihu. Wasu matan suka ce mu jira maza su dawo daga kiwo. Perihan ta ce, "Ku jira, su zo su tarar ruwa ya kwashe ku har Iraƙi." Ta kama igiyar tantinta ta fizge. Daga nan kowa ta tashi. Muka kwashi yara da barguna da abin da hannu ya iya zuwa tudu. Aka aika a kira maza.

Sai na tuna Baffa.

Ban bi ta cikin rafin ba, gefe na bi, ina hawa da hannu da ƙafa. Bakin kogon babu shi. Rufin ya rufta ya toshe shi, tarin ƙanƙara da duwatsu ya fi gidanmu na ƙauye tsawo. Alfadarin ma an binne shi. A bayan tarin ruwa ya kwanta, kore-kore, ba motsi, sai manyan guntayen ƙanƙara na juyawa a kai a hankali. Ina kallo wani dutse a bakinsa ya nutse.

Baffa na zaune a kan wani falalen dutse, ƙafafunsa kusa da ruwan. Bai waiwayo ba. Ya ce, "Amarya, zo ki gani."

Inda ƙanƙarar ta ɓalle ta bar sabon bango, shuɗi, garai-garai kamar gilashi. Ya nuna da sanda. A ciki, kamar kamu biyu daga waje, akwai wani abu baƙi a tsaye. Tsawon mutum. Ya ɗan karkata gaba kamar mai tafiya cikin iska.

Na ce, "Baffa, dutse ne. Tashi mu tafi."

Ya ce, "Kwana biyu ya rage rana ta fito da shi. Ki je, ni ina nan. Sau ɗaya na bar shi ya tafi shi kaɗai."

Na kama hannunsa, ya fizge. Ashe tsohon nan yana da ƙarfi. Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da kabarin matarsa. Ruwan ya taɓa takalminsa, bai janye ƙafa ba.

Sai ga Baban Zelal yana haki. Ya nufi Baffa kai tsaye. Ya durƙusa, ya saɓa Baffa a baya kamar buhun gari, ya juya. Baffa na dukan kansa da hannu biyu yana kuka: "Ubanka ne! Ɗan banza, ka waiwaya ka ga ubanka! Sau ɗaya!"

Bai waiwaya ba. Ina bayansu, na gani. Wuyansa ya ƙage kamar itace har muka kai tudu.

Bayan la'asar tarin da ya tare ruwan ya ɓalle. Iska ce ta fara isowa, mai sanyi, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sannan ƙasa ta yi rawa a ƙarƙashinmu. Ba ruwa na gani ba, wani baƙin abu ne mai kauri yana tafe da duwatsu kamar motoci a kansa. Ya bi ta kan filinmu. Tanti uku da ba mu samu kwashewa ba, da cukun wata guda, da 'yan raguna goma sha ɗaya da ke cikin shinge, duk ya tafi da su. Ko kukansu ba mu ji ba.

Mutum ko ɗaya bai tafi ba. Alhamdu lillahi. Na ƙirga sau huɗu.

Asabar, 27 ga Yuli

Rafi ya dawo, amma ta wata hanyar daban. Inda murhuna yake yanzu tsakuwa ce ta kai ƙirji.

Maza sun hau sun duba. Bangon nan shuɗi ya tafi gaba ɗaya.

Talata, 30 ga Yuli

Baffa na yini cikin kwari yana tona laka da sanda. Ya samo murfin tukunyar Perihan da ƙafar ɗan rago. Na miƙa masa shayi, ya kau da kai, sai da Perihan ta karɓa ta ba shi. Na ji yana ce mata, "Ta gabanmu yayana ya wuce. Muna tsaye a tudu muna riƙon tumaki."

Baban Zelal yana ci, yana kiwo, yana sallah. Jiya na gan shi tsaye a bayan tanti da guga a hannu, ya fi minti goma. Gugar babu komai.

Juma'a, 9 ga Agusta

Mun sauko. Ciyawa ta ƙone, wata guda kafin lokaci.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na daɗe ban buɗe littafin nan ba.

Har yau ba a yi dusar ƙanƙarar farko ba. Baffa ya kwanta tun makon jiya, ƙirji. Ɗazu na shiga da miya, ina shirin ajiyewa in fita yadda na saba, sai ya ce, "Amarya." Rabon da ya kira ni tun muna zozan.

Ya ce, "Tsakaninki da Allah, me kika gani?"

Na ce dutse.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Dutse mai ɗamara." Sannan ya karɓi kwanon daga hannuna ya sha.

Ni ma na ga ɗamarar. Ja ce, mai ratsin fari. Ban faɗa wa kowa ba, nan ma ban yi niyyar rubutawa ba.

Perihan ta zo da yamma, wai mu fara ɗinkin sabon tanti tun yanzu saboda baɗi, ta samo gashin akuya mai kyau. Na ce idona na ciwo, ta bari sai wani lokaci. Ta dube ni, ta ce, "Idon ne?" Na ce shi ne.

Na sa Baban Zelal ya taya ni juya gado, ya bar fuskantar tagar da ke kallon Jilo. Na ce masa iska ke shigowa ta wurin. Bai tambaye ni ba. Shi ya ɗauko bargo ya rataya a tagar.