Rasit ɗin Yayana Ya Fito da Sefa, Mijina Ya Ce In Yi Shiru

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin kaina, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a gida.

Ni matar aure ce, muna zaune a Damba cikin Gusau, amma asalinmu 'yan Bungudu ne. Mijina aikin kwamfuta yake yi, irin masu rubuta manhajar waya ɗin nan, mutum ne mai haƙuri, bai taɓa ɗaga min murya ba. Yayana kuma dillalin hatsi ne a kasuwar Tsafe, shi ya riƙe mu tun rasuwar Babanmu, shi ya biya min makaranta har na gama sakandare. Wanda ya san dillanci ya san amana ce zalla. Manomi zai kawo buhunan masara ko waken suya ya ajiye ya tafi, ba takarda ba shaida, in kasuwa ta yi kyau Yaya ya sayar ya cire la'adarsa ya ba shi sauran. Manoman garinmu har da na Wanke sukan wuce dillalai da yawa su kai masa, don sun san gidan da ya fito.

To ni ce na kawo maganar manhaja. Maigida ya yi wata wadda ake haɗawa da ɗan inji irin na masu POS, tana buga rasit, manomi ya ga nawa aka sayar da kayansa. Yaya ya ƙi da farko, ya ce shi bakinsa ne rasit ɗinsa, na yi ta roƙonsa har Inna mahaifiyarmu ta sa baki, ya karɓa don kada in ji kunya wajen mijina.

Abu ya tafi lafiya har wayar Yaya ta faɗa ruwa, ya sayi wata hannun wani abokin cinikinsa ɗan Maraɗi. Shi Yaya ba ya duba rasit, yaga yake yi ya miƙa. Sai wani dattijo ya kai nasa gida ɗansa ya karanta masa, ya ce Baba ai wannan ba naira ba ce, sefa aka rubuta. Kun san yanzu sefa ta fi naira daraja nesa ba kusa ba. Kafin a ce me, magana ta zaga Bungudu, wai Alhaji, wato Yaya, yana tsallakar da hatsin mutane Nijar ya karɓi sefa, su kuma ya ƙirgo musu naira daidai wannan lambar ya cinye bambancin. Kowa ya lalubo nasa rasit ɗin na kwanan nan, duk sefa.

Yaya ya kira maigida hankali tashe, shi kuma ya duba a wayarsa ya ga naira lafiya lau, ya ce wa Yaya manhajarsa ba ta da matsala, ya je ya binciki mutanensa. Wallahi a lokacin iya gaskiyarsa ya faɗa.

Bayan kwana biyu na lura maigida ya canza. Tuwo ya taɓa ya ture, yara su yi masa surutu ya yi ta kallon bango. Na matsa masa sai ya zaunar da ni ya yi min bayani. Ya ce a yaren da yake rubuta manhaja akwai wani umarni da ke tambayar waya, ke ta wace ƙasa ce, yaya ake rubuta lamba a wajenku, mece ce alamar kuɗinku. In ta Najeriya ce sai a sa alamar naira a gaba, waƙafi ya raba dubbai. In an saita ta a Faransancin Nijar sai a bar fili tsakanin dubbai, a rubuta sefa a ƙarshe. Ba ta canjin kuɗi, lambar na nan yadda take, riga kawai take sake mata. Kamata ya yi ya ɗaure manhajar a kan naira ko wace waya aka sa ta, shi kuma ya bar wa waya zaɓi, don bai taɓa kawo wayar Maraɗi a ransa ba.

Na ce alhamdulillah, tashi mu je Tsafe. Sai ya ce ba inda za shi. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa na dab da ba shi babban aiki, aikin da muka daɗe muna addu'a a kansa, in aka ji manhajarsa ta zubar da mutuncin dillali ba mai sake kallonsa. Kuma da wane ido zai kalli Yaya bayan ya ce masa ya binciki mutanensa. Ya ce ya riga ya gyara daga nan, ƙura za ta lafa da kanta. Na yi kuka na ce sunan Yayana fa, ya ce in na faɗa wa ko Inna ce bai yafe min ba. Tunda muka yi aure bai taɓa gaya min wannan kalmar ba.

Gyaran ma ƙara ɓata abin ya yi. Da rasit ya koma fitowa da naira sai mutane suka ce kun gani, an kama shi ya canza. Wasu sun zo sun kwashe buhunansu a gaban jama'a, wani har yana ce masa Alhaji Sefa, a ba mu canji. Ga kaka ta matso, in ba a kawo masa kaya bana ba, dillancin ya ƙare ke nan. Dattawan unguwarmu ta Bungudu sun ce Yaya ya zo ranar Juma'a bayan an sauko ya dafa Alƙur'ani. Na san gaskiya zai rantse a kai, amma mutumin da ake bar wa hatsin shekara da baki kawai, yau a ce sai ya dafa? Inna ta daina zuwa suna da biki, ta ce min, "Ɗiyata, mi yayanki ya yi wa mutane?"

Jiya Yaya ya kira ni. Bai zargi mijina ko kaɗan ba, gaishe shi ma ya ce in yi. Ya ce, "Auta, ki tara min yaran nan naki, bakinsu bai da zunubi, su roƙa min Allah ya tona asirin duk wanda ya yi min wannan, ya hana shi abin da yake nema." Ya tsaya yana jiran in ce amin. Na ce masa network ba kyau, na kashe wayar.

'Yan uwa yaya zan yi? In faɗa wa Yaya in ɗauki rashin yafiyar mijina, wataƙila har da aurena? Ko in yi shiru in bar shi ya dafa Alƙur'ani a kan abin da na san tushensa? Masu ilimi a cikinku, biyayyar miji ta kai nan? In akwai hanyar da zan shawo kan maigida ya je wajen Yaya da ƙafarsa ku koya min, yau Laraba.