Dawar da Muka Zuba a Rumbun Malam

Daga edita: Wannan takarda ta zo mana daga wani mai karatu a ƙasar Tudun Wada. Ya roƙa a sakaya sunansa da na garinsu. Ga ta yadda ya rubuto.

Assalamu alaikum masu karatu, manya da yara. Don Allah ku ba ni shawara. Ku yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koye shi, kuma a kan wanda ya koya mini nake wannan magana.

Shekarar da motar majigi ta fara zuwa Tudun Wada, har ta kafe a rafi samari suka yini suna tura ta, a ranin wannan shekara aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a garinmu. Ni manomi ne, na haura arba'in, na shiga ne don na gaji da dangwala yatsa a takardar da ban san abin da ke cikinta ba. Malaminmu zan kira shi Malam Isa, ba sunansa ke nan ba. Yaro ne a kanmu, mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, shi ya karantar da 'ya'yana allo. A hanya yana ce mini Baba, yana durƙusawa ya gaishe ni, amma in an yi la'asar muka zauna a gindin tsamiya ni ke ce masa Malam, in tuɓe takalmina.

Da damina ta shigo albashinsu ya daina zuwa daga ofis. Bai faɗa mana ba, mu muka lura rigarsa ɗaya ce yake ta wankewa. Da kaka ta yi, malaman ƙasarmu da na Doguwa da Kiru da Bebeji suka yi mitin a Kwanar Dangora ran kasuwa, suka shirya kowa ya ajiye alli har sai an biya su, suka shafa fatiha a kai. Malam Isa ya dawo ya gaya mana sunan abin yajin aiki. Tanko wanzami, wanda ke zama kusa da ni a aji, ya ce, "Yau ga namiji da gemu ya yi yaji! To sai a shirya biko, wa zai riƙe goro?" Muka yi dariya har da shi Malam ɗin, muka watse.

Ni na kawo shawarar. Mu abin da muka tashi muka tarar, malami ba ya kwana da yunwa a garin da yake karantarwa, in an yi girbi kowa yakan ɗauki dami ya kai masa. Haka muka yi wa mahaifinsa har ya rasu. Sai na ɗauka yunwa ce ta tsayar da shi, in an kawar da ita magana ta ƙare. Ban san tsayawar ita ce saƙon da suke aika wa ofis ba. Ran Juma'a bayan an sauko muka ɗora wa jakuna dawa, dattawa a gaba, muka yi sallama a ƙofar gidansa. Ya fito ya ga jakuna, ya ce, "Baba, da kun bari." Na ɗauka kara ce irin ta ɗan mutunci. Na ce, "Malam, ba a cewa haka, yi mana addu'a kawai." Ya ɗaga hannu, muka shafa, aka zuba a rumbu.

Babu wanda ya ce masa ya dawo aiki, Allah shi ne shaida. Mu dai kashegari da la'asar muka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya kamar kullum, don a ganinmu an shirya. Ya leƙo ya ga sa'o'in mahaifinsa a zaune da fensir a hannu, ya koma ciki, ya fito da alli.

Ana cikin haka mai duba makarantu ya iso a kan keke, ya tarar duk ƙasar nan ajinmu kaɗai ke karatu. Ya tambayi dalili, Tanko ya miƙe ya ba shi labari tun daga jakuna har addu'a, yana alfahari, mu kuma muna gyaɗa kai. Mutumin ya yaba mana ƙwarai. Daga baya muka ji ya bi gari gari yana cewa a yi koyi da mu, a ofis kuma aka ce babu gaggawar biya tunda talakawa suna iya ciyar da malamansu. Aka sallami biyu daga cikin waɗanda suka kira mitin. Ɗaya Malam Garba ne na wajen Doguwa, wanda ya yi wa Malam Isa abokin ango. Malam Garba ya zo garinmu sau ɗaya, bai sauka daga keke ba, ya ce an gaya masa an sayar da su da dawa, ya zo ya ga girman rumbun. Aka kawo masa ruwa bai sha ba. Da matar Malam Isa, Hajara, ta haihu, ran suna an yi tuwo na musamman saboda malamai, ba wanda ya zo a cikinsu, maƙwabta aka raba wa.

Har yanzu Malam Isa yana fitowa da la'asar. Yana rubutu a allo, yana karantawa, muna maimaitawa. Ya daina dariya, ya daina yi wa Tanko tsiya in ya juya harafi baibai. Mutane suka fara janyewa ɗaya ɗaya. Ni ina zuwa, ina zama, ina kwafe abin da aka rubuta, in tashi. Ba zan ce ina baƙin ciki ba, ban san sunan abin da nake ji ba, kamar dai ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Makon jiya da hantsi ya same ni a zaure, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ya ce malamai za su sake zama, kuma sun aiko masa cewa ba zai zauna cikinsu ba muddin dawarmu tana rumbunsa. Ya ce shi ba zai iya mayar wa dattawa kyautar da ya yi addu'a a kanta ba, zagi ne, sai dai wanda ya kawo ya zo ya ɗauka. Ya roƙe ni in zo da jakuna da rana tsaka, ran kasuwa, kowa yana gani, in kwashe abin da ya rage. Na ce masa, "Malam, bazara ta ƙarato, Hajara tana shayarwa, me za ku ci?" Ya ce, "Baba, abin da Garba yake ci." Ya sa takalminsa ya fita.

Na je wurin Liman, ya ce abin da aka kai wa malami aka shafa fatiha ba a komawa a ɗauko, bai taɓa ji ba. Uwargidana ta ce in na yi haka ita da shiga taron mata a garin nan har abada, jikokinmu ma sai an nuna su an ce ga zuriyar wanda ya kwashe rumbun mai jego. Tanko ya ce shi tasa dawar ta zama tuwo tuni, ko a cikin Malam zai zura hannu ya ɗebo? Sauran suka ce ni na ja su zuwa, in na kama hanyar komawa za su biyo ni, in na zauna sun zauna. Kuma na sani in ya sake ajiye alli ajin ya rufe ke nan, ga jarrabawa ta kusa, satifiket ɗin da nake so ba zan gan shi ba. Wannan bai dame ni ba kamar yadda na zata.

To jama'a, ku da kuka riga mu sanin boko da al'amuransa, me zan yi? In bar dawar, ya ci ya ƙoshi, ya rayu ba ya iya haɗa ido da abokan aikinsa? Ko in ɗaura wa jaki mangala ran kasuwa, in je in bar mai jego da rumbu wayam, don mijinta ya samu wurin zama a tabarmar 'yan'uwansa? Kasuwarmu ran Laraba take ci, ya ce zai jira ni a ƙofar gida.

Kafin ku amsa, ga abin da aka riga aka rasa. Malamai biyu sun rasa aiki. Malam Isa ya rasa amini ɗaya. Mu ashirin da uku muka fara zama a gindin tsamiya, yanzu saura mu bakwai. Albashin kuwa har yau bai zo ba.