Farin Allo a Kabarin Kaka

Lahadi, 13 ga Agusta

Mun je wanke kabarin Kaka Fusae, ni da Mama. Ruwan furannin bara ya ruɓe, har da tsutsotsi. Ni aka miƙa wa tsohon buroshin haƙori in kankare gansakukar da ta cike haruffan sunanta a jikin dutsen kabarin.

Akwai wani farin allo da aka kafa a gefen dutsen. Wai shekara biyar ba a biya kuɗin kula da maƙabarta ba. Duk mai alaƙa da mamaciyar ya bayyana kansa cikin shekara guda, in ba haka ba doka ta yarda a cire dutsen, a juye ƙasusuwanta a kabarin gama-gari. Tun Oktoban bara aka kafa shi. Saura wata biyu ke nan.

Mama ta karanta, ta ci gaba da zuba wa dutsen ruwa.

Talata, 15 ga Agusta

Kawu Tsutomu ya zo. Shi ne babba, da sunansa aka yi rajistar kabarin. Mun gaya masa zancen allon. Yana zuƙar taliya yana ce wa Mama, "Haba Michiyo, can ma sai ta fi samun abokan hira, kin san ta da surutu."

Mama ta ce, "Yaya, kai fa ka gaji gidan."

"Gidan da ke yoyo? Ke da kika kwashe kimononta, rigunanta na gargajiya, ba ki ce komai ba."

Da ya ƙoshi ya kunna turare gaban hoton Kaka, ya sunkuya, leɓensa duk maiƙo. Tir!

Alhamis, 24 ga Agusta

Ba wanda ya sake ta da maganar.

Asabar, 9 ga Satumba

Na biya ta maƙabarta daga makaranta, ban san dalili ba. A bayan ofis an jibge duwatsun da aka cire, sunayen na kallon bango. Wani ma'aikaci na zaune a kan ɗaya yana cin shinkafa.

Kaka da ko kofin shayinta ba ta yarda wani ya sha da shi.

Na kwafi lambar wayar da ke jikin allon a bayan littafin lissafi. Shirme. Ni da ko malama ta kira sunana a aji muryata maƙalewa take yi.

Litinin, 25 ga Satumba

Na kira lambar. Sau uku ina kashewa kafin a ɗauka. A na huɗu wata mata ta riga ni, ta ɗauka.

"Shekarunki nawa, 'yammata?"

Na ce sha biyar. Ta ce ba za a sa sunana a rajistar kabarin ba sai na kai sha takwas, amma tunda wani ya bayyana za su dakata, su aiko wa manyana takarda. Na ba ta adireshinmu, da sunan Mama. Ta tambayi alaƙata da mamaciyar. Na ce jikarta ce ni, da ƙarfi, har na ji kunya.

Ban gaya wa Mama ba tukuna. Za a yi faɗa.

Na sayi sabon buroshi. Ba don komai ba, tsohon ne ya yi ƙazanta.