Ƙofar da Na Rufe wa Fasinja

Litinin, 25 ga Maris 2019

Wannan littafi na tafiya ne. Maigidana Ilyasu ya saya mini shi a Ngawundere don in riƙa rubuta garuruwa da nisan hanya da abin da muka ci. Shafin ƙarshe da na cika Rumsiki ne, da tayar da ta fashe mana a kan dutse. Yau ga abin da zan rubuta: Fasinja ta lashi romo cokali biyu, ta yi amai, ta koma ƙarƙashin gado.

Wata biyar ke nan da rasuwarsa. Na fita takaba tun ƙarshen Fabrairu, amma har yau iyakata zaure. Matan unguwarmu ta Jambutu, nan Garwa, suna ta tambaya wai Kaltumi wata takabar ta ƙara ne? Ba takaba ba ce. Magena Fasinja ce ba lafiya.

Laraba, 27 ga Maris

'Yan tafiya sun zo da la'asar. Berthe da mijinta Alphonse, sai Alhaji Mahmudu Yelwa mai atamfa. Da mu biyar ne, yanzu huɗu. Shekara goma sha takwas duk shekara sai mun cika motar Ilyasu da tabarmi da tukwane mun nufi wani wuri, ba don biki ko fatauci ba, don mu gani kawai. Unguwa ta daɗe da yanke mana hukuncin cewa ba mu da aikin yi.

Alphonse ya shimfiɗa taswirarsa a tabarma. Waza da Kuseri ba shiga, tun da aka fara tare mutane a hanya. Bamenda ana harbi. Kullum ya buɗe takardar nan sai ka ga ƙasar ta ƙara tsukewa. Saura kudu. Kribi, bakin teku, inda Ilyasu ya yi ta cewa baɗi, baɗi, har baɗin ta ƙare masa. Sun sa rana: Laraba 24 ga Afrilu, bayan Ista ɗin su Berthe, a dawo kafin azumi. Alphonse ne zai tuƙa.

Na ce ku je, Allah ya kiyaye hanya, ni ina da majinyaciya. Alhaji Mahmudu ya ce, "Hajja, kin manta dokar marigayi? Ba a tashi sai kowa ya shiga." Ilyasu ya kafa dokar ne ranar da muka manta Berthe a garin Gidar tana cinikin gyaɗa, sai da muka yi nisa aka lura motar ta yi shiru. Tun daga nan in mutum ɗaya ba zai je ba, an fasa.

To ga shi. Mutum uku masu furfura suna jiran mage.

Asabar, 30 ga Maris

Zafi kamar a bakin murhu. Wuta ta ɗauke tun safe, fanka ta tsaya. Na jiƙa tsumma na shimfiɗa mata, ta ƙi hawa.

Talata, 2 ga Afrilu

Muntaka mahauci ya kawo mini likitan da ke duba musu shanu a mayanka. Mutumin kirki ne, amma ya tsaya yana kallon Fasinja kamar bai san ta ina ake farawa ba. Ya matsa cikinta, ya duba dasashinta, ya tambayi shekarunta. Na ce goma sha shida. Ya ce, "Madam, ƙoda ce, kuma tsufa ne. Ki ba ta ruwa, ki bar ta ta huta." Na ce har yaushe? Ya ɗaga kafaɗa. Wai sati, wai wata uku.

Na ji kunyar tambayar bayan ya tafi. Har yaushe. Kamar mai jiran mota a tasha.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Bari in rubuta yadda ta zo, tunda ba ni da wani labari.

Muna dawowa daga Ngawundere ne muka tsaya Ngong shan shayi. Da muka tashi sai wani ɗan kuka ya biyo mu, tun daga nan har gadar Binuwai. Alphonse ya rantse belt ɗin inji ne. Alhaji Mahmudu ya ce birki ne, a tsaya kafin mu mutu. Ilyasu ya tsaya, ya buɗe nan ya buɗe can, bai ga komai ba. Sai da muka iso gida ya sa hannu ƙarƙashin kujerarsa neman tocila, ya fito da 'yar mage duk ta yi baƙi da man inji. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Ga fasinja ba ta biya kuɗin mota ba." Sunan ya zauna.

Ni ban so ta ba da farko. Tana satar kifi, tana kwana kan sallayata. Tasa ce, shi take bi. Yanzu kuwa in ba daga yatsana ba ba ta lasar komai.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Berthe ta biyo daga coci da kwalliyarta. Ta ce a sa magen a kwando a tafi da ita, ai ta saba da mota tun tana jaririya. Na ce zafin hanya zai kashe ta. Ta ce to a bar wa Rabi'atu, yayar Ilyasu, ga gidanta nan kusa. Na ce ba za ta ci a hannunta ba. Ta ce a kai wa Muntaka, hanta har sai ta ture. Na ce wurinsa hayaniya.

Ta dube ni irin kallon da take wa marasa lafiya masu ɓoye magani a ƙarƙashin harshe, shekara talatin tana aikin jinya ai. Ta ce, "Ma sœur, 'yar'uwata, duk ƙofar da na buɗe sai ki rufe." Na ce ta sha ruwa, ya yi sanyi.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Sabon abu. Fasinja ta fara neman fita. Da ƙyar take tsayuwa, ƙafafun baya suna rawa, amma sai ta ja jiki har bakin ƙofa ta zauna tana kallon tsakar gida. Jiya na juya ɗauko ruwa, kafin in dawo ta kai gindin rijiya. Na ɗauko ta. Ba nauyi ko kaɗan, ƙashi da gashi.

Na san abin da ake cewa, tsohuwar mage in ta ji lokaci ya yi sai ta bar gida ta nemi inda ba mai ganinta. Ba da ni ba. Na rufe ƙofar ɗaki, na toshe ramin da ke ƙasanta da tsohon zane. Na sauke labule.

Asabar, 13 ga Afrilu

Tana karce ƙofa. Ba ƙarfi, ƙaras, ƙaras, ta huta, ta sake. Ni da ita a ɗaki ɗaya, taga a rufe, gumi har cikin kunne. Ko girki a gurguje nake yi in dawo.

Hanta: ta shinshina, ta kau da kai.

Litinin, 15 ga Afrilu

Yaya Rabi ta zo, kuma ta zo da bakinta. Tana shiga ta ce, "Wannan ɗaki ko kurkuku? Kaltumi, kina so ki dafa kanki ne?" Ta ji karcen, ta ga zanen da na toshe ƙofa da shi. Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce in tuna matar da aka ce ta shiga wuta saboda mage, ta kulle ta har ta mutu.

Raina ya ɓaci. Na ce waccan ba ta ba ta abinci ba ne, Yaya, ni kuwa da yatsana nake ba ta, kwana ashirin ban yi barcin kirki ba. Ta ce, "Tana ci?" Na ce a'a. Ta ce, "To ba abinci take roƙonki ba."

Ban raka ta zaure ba. Allah ya yafe mini, yayarsa ce.

Laraba, 17 ga Afrilu

Alphonse ya zo duba mota. Tana nan tsakar gida gindin dalbejiya, inda Ilyasu ya ajiye ta ranar ƙarshe, an rufe ta da tampol. Na miƙa masa makulli ta taga ban fita ba. Na ji ya yaye tampol, ya sa batir, ya yi ta fama, sai can ta kama.

Wannan ƙara. Shekara nawa in na ji ta nake ɗora ruwan shayi.

Fasinja ta ɗaga kai daga ƙarƙashin gado, kunnuwanta suka miƙe. Ta yi wani kuka da rabon in ji shi tun Oktoba, ta nufi ƙofa tana faɗuwa tana tashi. Ni kuwa na leƙa ta gefen labule. Na ga ƙeyar mutum a kujerar direba, da hula ba irin tasa ba, hannu a kan sitiyari ba nasa ba. Na buɗe taga na daka wa bawan Allah tsawa ya kashe motar, yana tayar mini da majinyaciya. Ya kashe. Ya ce, "Pardon, Hajja," ya ajiye makulli a kan turmi ya fita a hankali kamar wanda ya yi sata.

Mutumin da ya ɗauki makarar Ilyasu har maƙabarta, ko da ba addininsu ɗaya ba. Shi na yi wa tsawa.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Ba wanda ya zo. Alhaji Mahmudu ya aiko da saƙo a waya wai kada in damu, teku ba ya ƙafewa, akwai baɗi. Na kife wayar. Kalmar nan ta baɗi na tsane ta.

Asabar, 20 ga Afrilu

Tunda ba mai karanta wannan sai ni.

Ranar da likitan shanu ya ce wata uku, daɗi na ji. Wata uku ya wuce 24 ga Afrilu, ya wuce azumi, ya kai damina, hanya ta lalace. Muddin tana numfashi a ɗakin nan ina da amsar da zan ba kowa. In ta tafi, me zan ce? Sai in fito in shiga gaban motar nan, in juya hagu in miƙa kofin shayi, in ga Alphonse.

Ba don ita na rufe ƙofar ba. Tsoro nake ji, shi ke nan, tsoro.

Yau ko ruwa ba ta sha ba. Faratanta sun bar zane a jikin katako.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Da hantsi na cire zanen na buɗe ƙofa. Fasinja ta ja jiki ta taso.

Ta daɗe a bakin ƙofar tana lumshe ido, hasken ya yi mata yawa. Ni ma. Sannan ta fara tafiya. Taku huɗu ta kwanta, taku uku ta kwanta. Na bi ta a baya da takalmi ɗaya, ban ma lura ba. Na ɗauka zaure za ta nufa, na riga na ce wa raina ba zan tare ta ba ko titi ta fita. Ta wuce rijiya, ta wuce turmi. Ashe dalbejiya ta nufa.

Ta tsaya daidai ƙofar direba, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta dafa taya, ta kasa. Ta waiwayo ta dube ni.

Makullin yana kan turmi inda Alphonse ya bari. Wata shida ban taɓa ƙarfen motar nan ba. Na buɗe. Ƙamshin turarensa da na man inji suka fito tare, carbinsa na nan rataye a madubi, da ɓawon goro a cikin abin zuba toka. Na ɗaga ta na ajiye a ƙasa wajen feda, ta ja jiki ta shige ƙarƙashin kujera, inda aka samo ta.

Na zagaya na shiga mazaunina. Na bar ƙofofi a buɗe don iska. Daga nesa ana jin waƙar su Berthe a coci. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar uku, da ƙarfi, har da majina, ba wanda ya ce in yi haƙuri. Na sa hannu ƙarƙashin kujerar ina jin haƙarƙarinta yana hawa yana sauka. Na ba ta labarin Ngong, wai ko ta manta.

Kafin kiran azahar ya daina hawa.

Litinin, 22 ga Afrilu

Na binne ta gindin dalbejiya, cikin zanen da na toshe ƙofa da shi. Yaya Rabi ce ta riƙe mini fartanya. Ba ta ce ai na faɗa miki ba, kuma na san ya ci mata rai ta faɗa.

Talata, 23 ga Afrilu

Na kira Alphonse na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai. Na ce masa giya ta uku tana maƙalewa, sai an taka kuloci sau biyu, kuma in an fara hawan dutsen nan kafin Ngawundere kada ya yarda da allurar nan mai nuna zafin inji, ƙarya take yi. Don kada su lalata motar ne kawai na faɗa masa. Sai ya ce ƙarfe nawa zai zo. Na ce ni ban ce komai ba, amma Ilyasu bayan asuba yake tashi.

Na ce wa Berthe in tana so ta zauna gaba kusa da mijinta. Kujerar bayan direba ta fi iska.

Fulas ɗin shayi ya yi ƙura, na wanke, ai ba a barin abu da datti. Tabarma biyu. Man zafi na Berthe. Garwa, Ngong, Ngawundere, kusan kilomita ɗari biyu da tamanin.

Kofuna biyar na wanke, hannuna ne ya ƙirga ba ni ba. Na mayar da ɗaya kan kanta. Na dawo na ɗauko shi na sa a jaka. Ba shi da nauyi.