Saboda Gardamar Dizal da Fetur Na Hana Shi Tsayawa a Hanyar Madina

Anti Turai, don girman Allah ki taimaka mini da shawara. Mako biyar ke nan ina ɗauke da wata magana a ƙirjina, na rasa wanda zan faɗa wa. Ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye, ni ba mutumin rubutu ba ne.

Ni bakaniken injin dizal ne a nan Riyad, shekarata goma sha ɗaya a wani gareji, aikin famfo da nozul nake yi. Muna zaune mu huɗu a gida ɗaya a Manfuha. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi zan kira shi Yaya Isiyaku, direba ne a wani ƙaramin kamfanin haɗa na'urar sanyaya ɗaki, ya girme ni da shekara goma sha biyu. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka ƙasar nan, shi ya nuna mini inda ake sayen garin tuwo da inda ba a zuwa ba iƙama, wato katin izinin zama, a aljihu. Mutum ne marar hayaniya, in ka ce masa fari baƙi ne sai ya yi murmushi ya ce Allah ya sa haka ne.

Ni kuwa akwai ni da gardama, wannan na sani. Akwai wata gasar tseren motoci da ake yi a Faransa duk watan Yuni, awa ashirin da huɗu motoci na gudu ba a tsayar da gasar. Tun 2006 motocin dizal ke cinye ta, shekara tara a jere. Anti, ki gane, mu masu aikin dizal kullum kallon masu baƙin hannu ake mana, masu gyaran tirela da janareto. Sai ga injin irin wanda nake buɗewa kullum yana barin motocin fetur a baya a idon duniya. Na ɗauki abin kamar ni na ƙera. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai na yi masa karatu: gudu kowa na iya yi, amma dizal yana jan nisa da tanki ɗaya, mai fetur yana shiga shan mai shi yana wucewa. Har masu gasar sai da suka riƙa rage wa motocin dizal girman tanki, ni kuwa na ce tsoro ne.

Abokin gardamata Saidou ne, mutumin Maraɗi, lantarkin mota yake yi a layinmu, yana da tsohuwar motarsa ta fetur da yake lallaɓawa kamar amarya. Shekara tara ina masa dariya. To bana sai motar fetur mai haɗe da batir ta ci gasar. Wallahi mutumin nan bai bar ni na sha ruwa ba. In na shigo masallaci ya yi mini gaisuwar ta'aziyya, in na zauna cin abinci ya tambaye ni ko an yi sadakar bakwai ɗin dizal. Duk azumi haka muka yi. Ina dariya a fuska, amma a raina ina jiran ranar ramuwa.

Bayan Sallah kafilin Yaya Isiyaku, wato mai kamfanin da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya aike shi Madina da kaya a akori-kurar kamfani, mai dizal ce, ni ma nake duba musu ita. Na roƙa in bi shi in yi ziyara, kafilin ya ce madalla, ai gara ma a ce da bakanike a motar. Saidou da ya ji sai ya ce shi ma zai je da tasa motar. A wurin shayi ya sake tsokanata, ni kuma na buga ƙirji a gaban mutane na ce motarmu za ta shiga Madina da tankin da ta bar Riyad da shi, ba tsayawa ko sau ɗaya, kilomita ɗari takwas da wani abu, kuma za mu riga shi. Ba kuɗi muka sa ba, ba komai, baki ne kawai. Yaya Isiyaku yana wurin yana ji. Ni kuma ba ni da lasisin tuƙi na ƙasar nan, kuma motar kamfani ba ta halatta ga wanda ba a rubuta sunansa ba, don haka tun farko na san shi kaɗai zai riƙe sitiyari. Na kuma san ya yini yana lodi a jajibirin tafiyar.

Muka tashi bayan Asuba. Wajen Ƙasim Yaya Isiyaku ya sa sigina zai shiga gidan mai, ya ce ko shayi mu sha ya miƙe ƙafa. Na nuna masa allurar mai, ta fi rabi. Na ce Saidou yana bayanmu, yanzu zai tsaya dole, wannan ce damarmu. Ya kashe siginar. Muka wuce, na waiwaya na ga motar Saidou ta shiga, har da tafi na yi kamar ƙaramin yaro.

Can gaba rana ta ɗaga, hanyar kuwa miƙaƙƙiya ce, ba komai sai rairayi da duwatsu. Ya ce idonsa yana masa yaji, kuma lokacin Azahar ya kusa, mu nemi masallaci a gefen hanya. Nan ne na yi abin da ya fi ci mini rai. Na ce ai mu matafiya ne, Allah ya yi mana sauƙi, mu haɗa Azahar da La'asar a masallacin Annabi, wane masallacin gefen hanya ne zai kai wannan lada? Anti, ni na san ba lada nake nema ba, so nake in tsaya a ƙofar Madina in kira Saidou in tambaye shi ina ya maƙale. Na jiƙa masa hankici na ɗora masa a wuya, na ɓara masa goro, na ce saura kaɗan. Ya kalle ni, ya ci gaba da tuƙi.

Sauran abin ban faɗa wa kowa ba sai ke. Ni da na hana shi tsayawa, ni da na ce zan riƙa yi masa hira, ni na fara yin barci. Ban san lokacin da ya ɗauke ni ba. Ƙarar ƙarfe ce ta tashe ni. Saura kamar kilomita ɗari mu shiga Madina gyangyaɗi ya sace Yaya Isiyaku, motar ta goga ƙarfen gefen hanya ta juya ta kwanta. Allah ya tsare, ba mu haɗa da kowa ba. Ni ƙujewa kawai na yi, shi kuwa ƙashin kafaɗarsa da hannun dama suka karye, kayan mutane suka farfashe. Wanda ya fara tsayawa a kanmu cikin waɗanda muka sani Saidou ne, wanda ya sha mai, ya sha shayi, ya ɗan runtsa. Shi ya bi motar asibiti da mu. Tun ranar bai ƙara ambaton dizal ko fetur ba, kuma shirunsa ya fi tsokanar ciwo.

'Yan sandan hanya suka rubuta laifin direba ne gaba ɗaya. Da kafili ya tambaye shi, Yaya Isiyaku ya ce gajiya ce da ƙaddara, bai kawo sunana ba ko da wasa. Kafilin ya ce direban da bai san lokacin da zai huta ba ya tsufa da aikin, da zarar an cire masa ɗauri zai buga masa fita ta dindindin, ya koma gida. Saura mako biyu. Mutumin nan shekararsa ashirin da biyu yana tuƙi bai taɓa goga ko fitila ba. Matarsa Azumi da 'ya'ya biyar a Gusau da wannan aikin suke ci.

Yanzu ni ke dafa masa abinci, ni ke taimaka masa ya sa riga, ni ke zuba masa ruwan alwala. Kullum sai ya ce Allah ya yi mini albarka, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya san na yi barci, ai yana gani, kuma bai tashe ni ba. Ban taɓa ce masa ya yafe mini ba.

Ina so in je in gaya wa kafilin gaskiya. Amma motocinsa garejinmu ake kawowa, shi da maigidana abokai ne, ina iya rasa nawa aikin, ni ma ina da iyali. Kuma ina tsoron in ya ji tsere muka yi da motarsa abin ya ƙara lalacewa. In na yi shiru kuma, da wane ido zan raka shi filin jirgi? Me zan yi, Anti?

Naki,
Bakanike mai nadama, Manfuha, Riyad

Ɗan'uwana bakanike,

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Alhamdu lillahi da kuka fita da rai, Allah ya ba Malam Isiyaku lafiya.

Ba zan ce maka ba ka da laifi ba, domin kana da shi, kuma ka fi ni saninsa. Sau biyu mutum ya nemi ya huta ka hana, na biyun ma ka jawo sauƙin da addini ya yi wa matafiyi ka mayar da shi abin takura masa. Wannan tsakaninka da Allah ne, ka yi istigfari. Amma kada ka ɗauke kayan duka ka ɗora wa kanka. Malam Isiyaku dattijo ne mai shekara ashirin da biyu a kan hanya, sitiyari da birki suna hannunsa da ƙafarsa. Kawaicinsa ya yi yawa har ya cutar da shi, wannan nasa rabon ne, kuma ina jin ya san da haka, shi ya sa bai kira sunanka ba.

Ni ban san komai game da gasar taku ba, sai na tambayi abokin aikina mai shafin wasanni. Ya ce maganarka ta jan nisa da tanki ɗaya tana da tushe. Sai ya ƙara da abin da ban gani a wasiƙarka ba: kowace mota a gasar direbobi uku gare ta suna karɓa-karɓa, kuma doka ta hana mutum ɗaya ya wuce awa huɗu a cikin awa shida, ko injinsa dizal ne ko fetur. Shekara tara kana kallo idonka yana kan tanki, ba ka lura da mutumin da ake fitarwa a sa wani ba. Ka sa dattijo ɗaya, bayan yinin lodi, ya yi abin da ba a yarda matasan da aka horar su yi ba.

Game da kafili, tsoronka na biyu gaskiya ne, kada ka raina shi. Yanzu kallon wanda gajiya ta kayar yake masa. In ka faɗa ofishinsa kai kaɗai ka zazzage komai, yana iya komawa kallon wanda ya yi wasa da dukiyar kamfani, ka sauke nauyin zuciyarka a kan karyayyen hannun mutum. Saboda haka ba da kafili za ka fara ba. Aikin na Malam Isiyaku ne, sunan da zai ɓaci nasa ne, shi ke da ikon cewa a faɗa ko a bari.

Ka zauna da shi ku biyu. Ka faɗi abin da ka yi da sunansa, har da barcin, kada ka ɓoye a bayan kalmar ƙaddara. Ka nemi gafararsa, ka bar shi ya yi magana, ko da abin da zai fito ba mai daɗi ba ne. Girki da zuba ruwan alwala alheri ne, amma ba su isa su tsaya a madadin wannan ba.

In ya amince a je, kada ku je ku kaɗai. Ku nemi dattijo cikin mutanenmu na Riyad wanda Larabcinsa ya nuna kuma ake jin nauyinsa, ku tafi da Saidou, tun da ya ga abin da ya faru. Ka gaya wa kafilin cewa direbansa ya nemi hutu har sau biyu, kai da aka amince wa ka danne shi. Wannan ita ce amsar zargin da ya yi masa, kuma kai kaɗai za ka iya ba da ita. Ka ce za ka tayar da motar da hannunka a lokacin hutunka. Abin da za ku roƙa ya zama mai yiwuwa: in ba zai riƙe shi ba, ya sake shi ya koma hannun wani kafilin maimakon fita ta dindindin. Kafin ranar ka riga ka gaya wa maigidanka da bakinka, ka kuma fara cigiyar inda ake neman direba.

Kana iya rasa aikinka, ba zan ɓoye maka ba. Amma bakaniken dizal mai shekara goma sha ɗaya a gareji ɗaya ya fi dattijon direba mai karyayyen hannu saurin samun wani. In kuma Malam Isiyaku ya ce a bar maganar, ka girmama zaɓinsa, ka tsaya wa iyalinsa gwargwadon ƙarfinka har ya miƙe.

Mako biyu ba yawa. Ka iya rubuto wa baƙuwar da ba ka taɓa gani ba duk wannan, alhali mutumin da ya kamata ya ji yana kwance taku biyu daga katifarka. Yau in ka gama sa masa riga, kada ka tashi, ka zauna ka faɗa masa.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyar kafilin, ya bar zumuncinku.

Anti Turai