Ƙulle-ƙullen da Inna ta gano

Daren Laraba, Magariya

Alhamdulillahi, sai yanzu gabana ya daina faɗuwa.

Tun da aka koma karatu a lekol yara ke fita da ciki wayam, dama koko da asuba ya gagare ni. Shekaranjiya na soya gero da gyaɗa, na sa citta da kanumfari, na kai inji. Na zuba sukari na ƙulla a leda, kowane ƙulli kofi ɗaya, ruwan zafi kawai yake so. Na ɓoye a kwalla ƙarƙashin gado don kar yara su lashe.

Yau na dawo daga kasuwa na tarar da surukata Inna ta zo daga Kwaya, tana zaune tsakar gida, kwallar a gabanta. Har ta aika a kira ɗanta, maigidana Malam.

"Hadiza, wane boka ya ba ki wannan? Da shi kike juya min ɗa?"

Na ɗauko tarmus na ruwan zafi, na kwance ƙulli ɗaya na dama, na sha rabi a gabanta, na miƙa mata. Ta shinshina, ta kurɓa, ta ƙara kurɓa, sai da ta ga gindin kofi.

Malam ya shigo yana haki, yana tambaya ko lafiya. Ta ce, "Lafiya lau. Matarka ce ke cika citta."

Maganar bokan ta yi min zafi, kuma haƙuri bai fito daga bakinta ba. Amma da za ta hau moto, na ga haɓar zanenta ta yi nauyi. Na leƙa kwalla, saura rabi.