Akwatin da Ke Fitowa a Kwamfutar Baba

Kwarbai, Birnin Zazzau.

Zuwa ga Suhaib, sanyin idona, ruwan farkon damina, inuwar rimi ga wadda rana ta dafa a hanya, zumar da ba a gajiya da lasa. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Umma da duk mutanen Tukur-Tukur.

Kada ka yi mini dariya. Ka san ni, ko gaisuwa na zo yi maka sai in tsaya ina murza bakin hijabi. Abin da baki ya kasa ne na ɗora wa biro.

Albishirinka! Akwatin nan ya daina fitowa. Ni na cire shi da hannuna, jiya bayan azahar.

Ka tuna mafarinsa? Kai ka sa mini manhajar gwajin JAMB a laftof ɗin Baba, lokacin da muke zuwa lesin tare. Da muka gama jarrabawa na goge ta, ina murna na yi tsafta. Ashe ta tafi ta bar sunanta a cikin abubuwan da kwamfuta ke kira da zarar an kunna ta. Kullum Baba ya buɗe zai buga tambayoyin Islamiyya, sai ɗan farin akwati ya faɗo tsakiyar allo yana cigiyar fayil ɗin da babu shi, kamar malamin aji da ke ta kiran ɗalibar da ta riga ta bar makaranta. Kaka Hajo ta ce baƙo ne marar jin sallama, a tofa masa addu'a. Yaya Aƙilu ya ce a kira ka.

Wayyo wannan yammaci! An shimfiɗa tabarma a zaure, hadari ya haɗu ta wajen Kufena, ƙanshin ƙasa ya cika lungunmu. Na kawo zoɓo, na tsaya a bayan Yaya kamar mai son koyon gyara. Wane gyara? Zuciyata tana ta tsalle kamar ɗan akuya a sabuwar ciyawa! Ka buɗe Task Manager, ka shiga Startup, jerin abubuwan da ke tashi da zarar an kunna, ga sunan manhajar nan ɓaro-ɓaro. Na ga 'yar kibiyar da kake juyawa a allo ta sauka a kansa, ta yi jim kamar tsuntsu a kan reshe, sai ta tashi ta wuce. Ka ɗago ka ce wa Yaya matsalar tana da zurfi, sai ka sake dawowa.

Ka kuwa dawo. Wata Juma'ar ka hure ƙurar fankar laftof ɗin. Wata ka yi ta farautar bairos har aka kira magariba. Wata kuma hoton allo kawai ka canja, Yaya yana ta yi maka sannu da ƙoƙari. Akwati yana nan daram. Haba Suhaib! Ni fa na yi darasin kwamfuta a makaranta, kuma ban taɓa gyangyaɗi a ajin ba. Tun ranar farko na gane. Na dai yi shiru, don duk safiyar da na ji Baba ya ja wa akwatin tsaki, sai raina ya yi fari kamar auduga, na san Juma'a za ta kawo ka.

To amma shekaranjiya na ji Baba yana ce wa Yaya, yaron nan na Tukur-Tukur akwai ladabi, sai dai da alama bai iya aikin ba, ranar Asabar zai kai laftof ɗin wajen mai gyara a Tudun Wada. Kai ne ba ka iya ba? Kai da duk 'yan lesin ke kawo wa wayoyinsu? Yaya zan zauna sunanka ya zube a bakin mahaifina, saboda ni?

Shi ya sa na bi sawun kibiyarka. Na shiga inda ka shiga, na danna sunan, na kashe shi. Sannan na buɗe foldar Startup, na iske 'yar alamar manhajar zaune ita kaɗai kamar marainiya, na goge ta. Na kashe kwamfutar na kunna. Allo tas, kamar sama bayan ruwa! Baba ya tambaya wa ya gyara, na ce da abin da na gani a hannunka na yi, kuma gaskiya na faɗa. Ya gyaɗa kai, ya ce ashe yaron malami ne.

Ka ga na ceto sunanka, amma na rushe gadar da kake bi ka zo. Babu akwati, babu dalili. To me zai ratso da kai ganuwa ranar Juma'a? Wannan tambayar ce ta hana ni cin tuwo jiya, har Kaka ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Roƙona ɗaya ne, ya farin watana. Kada ka jira wani abu ya sake lalacewa. Ni ma ba zan lalata komai ba, ko da yake na kalli rediyon Kaka na ɗan yi tunani. Ka zo hannu rabbana, ba sukudireba, ba filash. Ka yi sallama, ka gaishe da Baba, ka gaya wa Yaya Aƙilu gaskiyar abin da ke kawo ka, shi ya san yadda zai isar. Na san kunya gare ka, ta ma fi tawa. Amma ni da ba na iya haɗa ido da kai, ga shi na cika takarda gaba da baya. Kai magana ɗaya ce tak ta rage maka.

Ba gaggawa nake yi ba. Karatu yana gabanmu, ni da kai. In manya sun ce mu jira sai mun gama jami'a, zan jira ina murmushi. Ko a Samaru aka ba ka gurbi, ko a wani gari mai nisa, ba za ka dawo ka iske zuciyata ta sauya ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar zan share zaure. Laftof ɗin yana ɗakin Baba, a rufe, kuma lafiyarsa ƙalau.

Taka, wadda ta riƙe amanarka yau, kuma za ta riƙe ta har iyakar numfashinta,
Radiya Inuwa.